Amalanken Kawu Ado da Hanyar Unguwarmu

Wannan ce damina ta tara tun da muka binne Kawu Ado, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Ba kuka na zo yi ba. Maganar hanyarmu ce ta kawo ni.

A yankinmu na Makoda gonaki a manne suke da juna. Hanyar da ta fita daga unguwarmu zuwa bakin titi tsohon burtali ce. Ta nan kakanninmu suka fitar da gyaɗa a kan jakuna, ta nan kuma daga baya mota take shigowa har gindin tsamiya ta kwashi buhunan da za a kai kasuwar Dawanau. To amma duk shekara in an zo huɗa, sai mai gonar bakin hanya ya ƙara kunyar shuka ɗaya a cikin hanyar. Ɗaya tak, wai wa zai lura?

Kawu yana lura. Da an gama huɗa sai ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya bi tsakiyar hanya daga masallaci har titi, ba ya kaucewa. Duk abin da taya ta murƙushe, na hanya ne. Ya sha zagi, wallahi. Wata shekara wani Alhaji mai babbar gona ya tare shi, ya ce sai sun je gaban dagaci. Kawu ya ce, "Mu je, Alhaji. Amma ranar da za a fito da makararka, masu ɗauka bibbiyu suke jerawa. Ka bar musu wuri."

Da yau Kawu zai leƙo, da bai gane wurin ba. Mota ta daina shigowa tun bara waccan. Babur kaɗai ke kutsawa, buhu ɗai-ɗai, ga tsadar mai. Mara lafiya sai a goye shi zuwa titi. Kowa ka taɓa sai ya ce ai zamani ne, yunwa ta sa. Na san yunwa. Shi ma Kawu ya ga fari, ya ga shekarar da aka ci dusa, bai taɓa shuka gero a hanyar mutane ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gonar da na gada a bakin hanyar take, kuma tun rasuwarsa na ƙara kunya biyu. Na sani, maƙwabta ma sun sani, shi ya sa ba wanda ke yi wa wani magana.

Kawu bai bar gidan bene ba. Amalanke ya bari, na kuwa sa an gyara shi, na ari shanu. Ranar Asabar da hantsi zan taso daga masallaci. Mai zagi ya tanadi bakinsa, mai zuwa gaban dagaci ya sa takalminsa. Geron da taya za ta fara takawa nawa ne.