Faifan da Inna Ɗelu ta sa a ƙarshe

Wankan jegon 'yarta Rufaida ya kawo Inna Ɗelu unguwar Danau Kota a ƙasar waje, kullen korona ya hana ta komawa Kano. A gidan da su Rufaida ke haya ta tsinci fayafayan wata mawaƙiyar jaz 'yar Norway. Ko kalma ba ta ji, amma ta nace har ta jera su da kunne: nan budurwa ce, nan ta haihu, nan ta tsufa.

Rufaida ta duba a waya, ta zare faifan ƙarshe daga jerin. "Inna, kin canka, ban da na ƙarshen. Tana da shekara talatin ta yi shi, shekarar da mijinta ya rasu."

Ɗelu, wadda ta yi takaba tun tana goyon Rufaida, ta harare ta. "To ina kuskuren? Mayar min da shi inda na sa."