Ƙusoshin Inna Mai Shara

Kafin motar farko ta sauke ɗalibai a ƙofar kwaleji, Inna ta riga ta share dogon baranda, ta kwashe takardun da iska ta tara a gindin matakala, ta ɗora buta a kan risho. Daga nan sai ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe ɗakin tsintsiya da ke ƙarƙashin bene. Ɗaki ne da dogon mutum ba ya iya miƙewa a cikinsa. Benci biyu ne, da tabarma ɗaya, da bokitai a jere. Shekara ashirin da bakwai tana buɗe wannan ƙofa, kuma ba wanda ya sa ta.

Saboda 'yan jeka-ka-dawo take buɗewa, wato ɗaliban da ke zuwa daga gida kullum su koma. Mota na ajiye su awa biyu kafin a buɗe aji. Masu kwana a makaranta suna da gado, suna da abokan ɗaki, duk abin da aka shirya da yamma da su ake yi. Su kuwa waɗannan ko wurin ajiye jaka ba su da shi, sai zaman gindin bishiya kamar baƙi. Inna ta gani, abin ya tsaya mata a rai. Ta samo ƙusa ta buga a bangon ɗakinta da dutse, ta ce wa wata yarinya ta rataye jakarta. Daga ƙusa ɗaya abin ya fara. Duk sabon ɗalibin da ya shigo, a buga masa tasa.

Ni tsohon kafinta ne, ɗan rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi. Waɗanda suka san ni sun san ba na rufe zance sai da karin magana. A kan wannan baiwar Allah na laluba kaina kaf, ban sami wanda ya kai ba. Don haka zan faɗi abin da idona ya gani kawai.

Ina da jika, 'yar marigayi ɗana, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Uwata. A hannuna ta tashi. Da ta shiga kwalejin nan na tambaya aka ce ana tashi daga aji ƙarfe biyu. Amma Uwata ba ta shigowa gida sai ana kiran magariba, a motar ƙarshe. Na yi faɗa sau ɗaya, na yi sau biyu. Ta ce, "Kaka, karatu muke tsayawa yi." Na ce wane irin karatu ne bayan malamai sun tafi? Maƙwabta suka fara 'yan maganganu, ni kuma na ba su kunne. Ranar wata Litinin na ɗauke jakarta na kulle a akwatin kayan aikina, na ce an gama bokon.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga sallama. Na fito na tarar da wata dattijuwa, ƙafafunta buɗu-buɗu, tana haki. Ashe direban mota ta tambaya inda yarinyar ke sauka, daga nan ta bi shago-shago tana kwatance har ta iso. Bayan gaisuwa ta buɗe tafin hannunta. Ƙusa ce, 'yar inci uku, ta ɗan lanƙwashe.

Ta ce, "Malam kafinta, ga ƙusar jikarka. Kwana huɗu ke nan ba kowa a kanta."

Na ce, "Ke malamarta ce?"

Ta ce, "Ni? Ko sunana ban iya rubutawa ba. Shara nake yi. Amma na san dokar wurin: wanda ya yi fashin kwana biyar a jere ba ya zama jarrabawa. Gobe ne na biyar. In ka cire ta daga makaranta ne, karɓi ƙusar ka ajiye, don ni ba na iya kallon ta a bango haka nan."

A unguwarmu ba a taɓa tsare ni a ƙofar gidana an ba ni zaɓi ba. Na ce, "Kin san da wa kike magana?"

Ta ce, "Da kakan yarinyar da ke koya wa mutum tara lissafi a ɗakina kullum. Ka zo gobe ka gani. In ƙarya na yi, ka dawo da ita da hannunka." Ta danƙa mini ƙusar, ta juya ta tafi.

Washegari na shiga motar farko, ni da Uwata. Jakar da na fito mata da ita tana kan cinyarta. Da muka isa ɗakin tsintsiyar na sunkuya na shiga. Bango guda cike da ƙusoshi, sun fi sittin, kowace da jakarta. Yara sun cunkushe a benci, wannan na yi wa wancan bita, wata na kwafe darasin da ya wuce ta ranar da mota ta lalace. Da suka ga Uwata sai ɗaki ya kaure. Wani dogon saurayi ya ce, "Malama, da kin ƙara kwana ɗaya, da gawarmu za a kai ɗakin jarrabawa!" Inna ta daka masa tsawa: "Rufe mana baki, mai kan kwano, ba ka ga babba ba?"

A nan na ji sauran. Inna ba ta karatu, amma ta san fuskar allon sanarwa kamar fuskar ɗanta. Duk takardar da aka liƙa bayan motar ƙarshe ta tashi, sai ta tare wani ya karanta mata, ta riƙe a ka, da safe ta zazzage wa yara: an sauya ɗaki, an matso da gwaji, ana neman 'yan muhawara. Ita ta tura Uwata muhawarar, ta ce bakin da take yi wa bokitai surutu da shi ta kai inda zai yi amfani. Ban taɓa sanin jikata ta tsaya gaban ɗaruruwan mutane ta yi magana ba. A ɗakin tsintsiya aka gaya mini, gaban 'ya'yan mutane.

Na dubi bangon da idon sana'a. Ba ƙusa ɗaya da ta shiga daidai, duk a karkace suke, wasu sun fasa siminti. Da yaron shagona ne ya yi wannan aiki, da ya sha faɗa. Na ciro ƙusar Uwata daga aljihu, na nemi guduma. Inna ta miƙo mini dutsenta, ta ce, "Ka buga ta a karkace kamar sauran, kada ta yi girman kai." Na karɓi dutsen na buga. Uwata ta rataye jakarta, ta wuce aji.

Ta zauna jarrabawa, ta ci, bana ta gama. Da zuciyata na bi, da yanzu tana tsakar gida tana kallon bango.

Makon jiya Inna ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ni na zaci mu kaɗan za mu je yi mata ban kwana. Ashe duk wanda ya gama, takan cire ƙusarsa ta ba shi. Na ga ma'aikatan jinya, na ga malamai, na ga wani mai furfura a gemu da yaransa biyu, kowa da tsatsattsiyar ƙusa a hannu, har baranda ta kasa ɗaukar su. Wani babba daga ofis ya tsaya yana tambayar na kusa da shi wai taron wa ake yi. Shekara ashirin da bakwai tana share ƙofar ofishinsa! Na so in tanka, Uwata ta riƙe mini hannun riga.

Inna, ke ce uwar 'yan motar farko. Ke ce kika ga gurbin yarinya a bango, alhali ni da take kwana a gidana ban ga komai ba. Tsintsiya aka ba ki, ba a ba ki rajista ba, amma ba ɗalibin da ya ɓace miki kwana huɗu ba ki bi sawunsa ba. Na gode, na gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa 'ya'yan wasu su tsaya wa naki kamar yadda kika tsaya wa namu.

Ku kuma iyaye masu saurin hukunci irina, kafin ku kulle jakar yaro, ku shiga motar da yake shiga ku je ku gani. Masu gadi, direbobi, masu shara, ma'aikatan ofis, kowa a wurin aikinsa akwai yaron da bai zo yau ba, ku tambaya. Makullin ɗakin yana hannun sabuwar mai shara, na je na roƙe ta da bakina kada ta rufe. Na kai mata ƙusoshi cikin gwangwani. Guduma ce ban kai ba, don dutsen Inna yana nan bayan ƙofa.