Akwatin da Baba ya yi magana da shi

Shekarun baya, lokacin ina gyaran talabijin a wata 'yar rumfa a unguwar Boukoki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina. Muka ɗauko shi daga Damagaram ya dawo wurina. Hankalinsa garau, amma harshe ya ƙi. In ya buɗe baki ba mu gane ba, sai ya juya fuska bango. Daga baya ma ya bar gwadawa.

Da ƙuruciyarsa aikin gidan waya ya yi, yana buga saƙo da Mors, wato ƙwanƙwasar nan ta gajere da dogo. Wata rana na lura yatsansa na hagu yana buga hannun kujera, tik-tik, ba ji ba gani. Na gaya wa abokina, wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, mai izinin magana da mutanen nesa ta rediyon sha'awa. Ya ce, "Ai magana tsohon ke yi, ku ne kurame. Haɗa masa na'urar aikawa, mu yi amfani da izinina."

Na ce to, da bakina mai kauri, alhali ban taɓa haɗa irinta ba. Na bi masu kayan tsofaffin rediyo bayan Babbar Kasuwa har na samo lamfa biyu, kwalaben gilashin nan masu yin ja in sun ɗumama. Na naɗa waya a guntun tiyo, na yi maɓalli da tsohon bakin zarto. Gwajin farko transfo mai daidaita wuta ya ƙone, gida ya cika da ƙauri. Na biyu kuwa kuran, wato wutar lantarki, ya finciko ni, sai ga ni zaune cikin kwandon albasa. Mahaifiyata ta ce, "Majinyaci ɗaya ya ishe ni, don Allah kar ka ƙara mini."

Sai da damina ta wuce abin ya tashi. Wata Asabar bayan la'asar abokina ya zo da rediyonsa na saurare, muka ɗaure doguwar waya daga rufin kwano zuwa bishiyar bedi, na tura akwatin gaban Baba. Ya daɗe yana kallon lamfar tana haske. Sannan ya ɗora yatsa a kan maɓallin.

Ya buga kira, shiru. Ya sake, shiru. Zufa ta jiƙa mini riga. Can sai ga wata siririyar ƙara daga rediyon abokina. Ya zabura: "Baba, an amsa! Daga Italiya ne!"

Baba ya gyara zama, hannu ya saki, yana bugawa da saurin da abokina da kyar yake bi. Ni ban iya Mors ba, ina tsaye kamar baƙo a gidana. Na ce, "Malam, me yake cewa?"

Ya ce, "Mutumin ya tambayi wace masana'anta ta ƙera na'urar. Baba ya ce masa, ɗana ne ya haɗa ta da hannunsa."

Fita na yi tsakar gida, wai zan duba waya.

Bayan nan na zauna na koyi Mors, Baba na gyara ni da harara. Hirar da muka yi a shekarunsa na ƙarshe ta fi duk wadda muka yi lokacin yana da baki. Na gyara kaya masu tsada a rayuwata, amma har yau in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wannan mummunan akwatin nake nunawa.