Kwanakin da Alhaji Bai Bayar Ba

A shekarun da nake wankin bas a wata ma'aikatar gwamnatin birni, akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke aiki tare, muna ce masa Baaba. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi har kwanakin hutunsa suka ƙare ƙaf. Daga nan albashi zai tsaya, inshorar asibiti ta bi bayansa, ga shi sau uku a mako ake masa wankin ƙoda. Allah ya taimaka doka ta yarda ma'aikaci ya ɗebi kwanakin hutunsa ya ba abokin aiki mara lafiya, kuma ba a gaya wa majinyaci wanda ya bayar.

Muka yi karo-karo. Ni kwana uku na bayar, iya arzikina ke nan.

To akwai wani Alhaji a cikinmu, mutumin da ko ranar Sallah ba ya fashin aiki. Kwanakin da ya tara sun isa mutum ya je Kano a ƙafa, ya ci tuwo, ya dawo. Saboda haka Baaba ya ɗauka shi ne ya ba da kaso mafi tsoka. Duk Lahadi in mun je dubiya gidan Baaba a unguwar Mount Hope, Alhaji zai shigo da lemo uku a leda da addu'a mai tsawon layin dogo.

"Alhaji, Allah ya saka," in ji Baaba.

Sai ya sunkuyar da kai. "Haba Baaba, ai ba a faɗa."

Da likita ya ƙara wa Baaba mako biyu, mu kam mun tatse. Na tafi da fom ɗin ba da kwanaki a aljihu, na jira falo ya cika.

"Alhaji, ranka ya daɗe, tunda hannu ya saba, a ƙara mana."

Ya shafa aljihu, wai ya manta tabarau. Matar Baaba ta miƙo na mijinta. Wai babu biro. Biro biyar suka fito. Ya rubuta kwana goma yana gumi kamar ana zare masa haƙori da filaya.

Ran Litinin na kai fom ofis. Matar da ke karɓa ta duba ta ce, "Wannan ai bai taɓa bayarwa ba, sai ya cike shafin sababbi."

Na kai masa shafin har inda yake alwala. Ya cike shi, bai ɗago ya dube ni ba.

Kwana goman nan suka riƙe Baaba har ya dawo aiki da inshorarsa. Ban gaya masa komai ba, mai ciwon ƙoda ba ya buƙatar ƙarin ciwon zuciya. Har ya yi ritaya yana sa wa Alhaji albarka a kan "na farko da na biyu", shi kuwa gogan naka yana amsawa da amin da ƙarfi.