Goyon Alƙali

"Wai ka ji Ruwan-Sanyi zai hau babba?"

"Tun yanzu? Wata nawa ya yi a kan ƙaramin?"

"Tara. Ni shekara biyu ke nan ina jan wannan akwalar."

"To ai kai ba ka auri 'yar Alƙali ba."

"Allah ya sa tana da ƙanwa."

"Ita ce auta. Ka makara."

Aka yi dariya, aka tada babura, kowa ya kama gabansa. Wanda suke kira Alƙali yana bayan katangar gareji a tsugune gaban wata taya, kuma babu kalmar da ta wuce kunnensa.

Bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Bakanike ne a wani kamfanin kai saƙo, shekararsa ashirin da biyu a wurin. Da tuƙi ya fara, har bayansa ya ce ya gaji, aka mayar da shi gareji. Babura iri biyu ne a kamfanin: ƙanana masu yawon cikin gari, da manya guda shida masu bin babban titi zuwa garuruwa masu nisa, waɗanda in ka murɗa musu totur kaɗan sai su nemi fizge maka kafaɗa. Ba a ba kowa makullin babba sai wannan dattijo ya sa hannu a takarda. A nan ya samo sunan.

Gwajinsa guda ɗaya ne: ka goya shi. Zai hau bayanka, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyinsa, ba zai riƙe ka ba. Ya kan ce ido na iya ruɗuwa amma gwiwa ba ta ƙarya. Da ita yake jin ko da fushi ka saki kuloci, da ita yake sanin ko kafin kwana ka kama birki ko sai da ka shiga cikinta. Can a inda ba ka zata ba zai taɓa maka kafaɗa, wato tsaya nan take. In hular kwanonsa ta ƙwanƙwashi taka, ka faɗi, sai bayan wata uku. Masu babur suna tsoron wannan ƙwas ɗin fiye da takardar gargaɗi daga manaja.

Bara ya gwada Dogo, hula ba ta taɓa hula ba, ya sa masa hannu. Mako uku bayan haka Dogo ya shige ƙarƙashin tirela a wata kwana, aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Yanzu a tagar rabon saƙo yake zama, sandunansa jingine da bango. Tun daga ranar Alƙali bai sake sa wa kowa hannu ba. Manyan babura biyu suna can a lulluɓe da tamfol, manaja yana ta ƙorafi.

Sai ga layi ya zo kan mijin autarsa. A gidansu Alƙali yake zaune tun rasuwar matarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Surukin nasa bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba; mutum ne da ko gaisuwa sai ka kasa kunne za ka ji, shi ya sa abokan aiki suka sa masa Ruwan-Sanyi. Auta ce ta yi magana, tana shanya kayan yara.

"Baba, in bai isa ba ka ce bai isa ba, ba wanda zai ji haushi. Amma kada ka hana shi don mijina ne."

"In na ba shi kuma a ce don mijinki ne."

"Bakin mutane ai ba ya hutu. Kai dai ka bi gwiwarka."

Ya bi ta. Hanyar da ya zaɓa ranar gwajin ta fi ta kowa wuya: ta gaban kasuwa, ta kan gada mai ramuka, sannan gangaren da ke ƙarewa da kwana. Sau uku ya taɓa kafaɗa maimakon sau ɗaya. Babur ya riƙa tsayawa lif, kamar an ajiye kofi a kan tebur. Da suka dawo Alƙali ya daɗe riƙe da biro kafin ya sa hannu, don ya tuna haka na Dogo ma ya tsaya.

Washegari ya hau bas zai je sayo sarƙa da takalman birki. Suna tsaye a danja, yana kusa da taga, sai ya ji kukan injin da ya sani kamar tarin ɗansa. Shi ya wanke masa kafireto shekaranjiya. Babban babur ya kutso tsakanin bas ɗin da wata tankar mai, a ratar da ko akuya sai ta yi shawara. Mai tuƙin hannu ɗaya ne a kan babur, ɗayan yana latsa waya. Danja ba ta saki ba ya tsallaka, wata ƙaramar mota ta ci birki har taya ta yi hayaƙi.

"Wannan ya gaji da duniya," in ji matar da ke gefensa. "Ko uban wa ya ba shi wannan dodon, oho."

Alƙali ya kalli lambar da ke jikin akwatin saƙon har ta ɓace; babur ɗin da aka ba Ruwan-Sanyi ne. Bai sayi sarƙar ba. Ya sauka, ya tsallaka titi, ya hau mai komawa.

Tagar Dogo ya nufa.

"Dogo, tsakaninka da Allah. Yadda ka tuƙa ni ranar gwaji, haka kake tuƙi kullum?"

Dogo ya yi murmushi, ya ci gaba da jera takardu. "Haba Baba. Wa zai goya ka ya yi gudu? Ko ƙwai muka ɗauko ba ma lallaɓa shi kamar kai."

"Kai kaɗai, ko kowa?"

"Har sababbi muke koya wa. In ka ɗauki Alƙali, ka ɗauka kakarka ce ta fito daga asibiti. Kuma kafin ka taɓa kafaɗa kana ɗan gyara zama, duk mun sani." Ya ɗago ya ga fuskar dattijon, murmushin ya tafi. "Ni na ɗauka ka sani, Baba."

Bai sani ba. Shekara da shekaru yana zaton hannun mutane yake aunawa, ashe kunyar furfurarsa ce yake ji a gwiwa. To wanda ya goyi baƙon dattijo ma ya lallaɓa, balle wanda ya goyi uban matarsa.

Manaja ya saurare shi yana duba agogo. Ya ce takarda ta riga ta tafi sama, gobe Ruwan-Sanyi zai yi tafiyarsa ta farko mai nisa, kuma babu wani a ƙasa. "In ka janye hannunka a wannan, sai ka janye a na kowa. Mu rufe kamfanin ke nan? Ka yi masa faɗa a gida, ai ɗanka ne."

Ya yi masa, da yamma, a ƙofar gida inda Auta ba za ta ji ba. Ya faɗi danjar, ya faɗi tankar, ya faɗi wayar. Ruwan-Sanyi ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Na yi kuskure, Baba. Ba za a sake ba."

Murya mai laushi, babu musu, babu ko ɗaga ido. Alƙali ya ji ta ta sauka lif, daidai yadda babur ɗin ya tsaya ranar gwaji. Da ma gardama ya yi masa, da ya san da wa yake magana. Daga ciki ana jin Auta tana goge rigar aikin mijinta tana 'yar waƙa, babbar jikarsa tana tambaya ko babban mashin ɗin Abba ya fi jirgi gudu.

Hanyar awa huɗu ce zuwa, huɗu dawowa, sau uku a mako. Likita ya daɗe da gaya wa Alƙali cewa ƙashin bayansa ba zai ɗauki zaman babur na fiye da rabin awa ba. Ya san kuma ko ya je gobe, ba zai iya zuwa jibi da gata ba, har ƙarshen shekara.

Da safe Ruwan-Sanyi ya turo babur waje, ya tarar da surukinsa tsaye a bakin ƙofa, tsohuwar hular kwanonsa a kai, ya ɗaure ƙugu da wani ƙyalle.

"Baba, gareji zan sauke ka?"

"A'a, can za ni inda za ka. Don Allah ka ɗan matsa gaba, ka goya ni."