Mama Lahadi da Gonar Ƙarshen Kanal

Duk wanda ya saba bin hanyar Kura zuwa Bunkure da sassafe a lokacin damina ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Mace ce gajera, baƙa, zane a ɗaure tamau, fartanya a kafaɗa, tsohon buhu a naɗe a hammata. In ta isa gona sai ta ajiye gorar ruwanta a gindin darbejiya, ta yi 'yar addu'arta, ta duƙa. Daga nan bayanta kaɗai za ka riƙa hangowa yana tafiya tsakanin kunyoyi har rana ta take. Buhun kuwa na kwasar balasa ne, don ta ce ciyawa ce marar kunya: ka cire ta ka yar a kwari, yayyafi ɗaya ya ishe ta ta sake kama ƙasa.

Sunanta Lahadi Levi, amma yara da manya Mama Lahadi suke ce mata. Daga kudancin Kaduna ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Levi, mai aikin buɗe ƙofofin ruwa a kanal. Da ya rasu danginsa suka zo tafiya da ita, ta ce musu inda ta binne miji nan ne gida. Tun daga lokacin take cire ciyawa a gonakin mutane, da shi ta ciyar da 'ya'yanta, da shi ta sa su makaranta. Bana gwiwoyi sun ƙi, dole ta ajiye aiki. Shi ya sa ya dace a yi mata jinjina tana ji da kunnenta, ba sai ta kau a taru ana Allah sarki ba.

Akwai masu taɓe baki su ce cire ciyawa ma aiki ne da za a ɓata masa takarda? Wanda ya yi wannan tambaya ya fara ajiye awarar da ke hannunsa. Waken suya shuka ce mai sanyin jiki a farkon rayuwarta. Kafin ta ɗaga ta haɗe ganye, ciyawa ta riga ta sha ruwan, ta cinye takin, ta tare ranar. Wanda ya yi sakaci a makonnin farko, kara kawai zai girba. Tsakanin shuka da kasko akwai bayan wata mata da ya lanƙwashe, ba a dai ganinsa a faranti.

'Yan shekarun baya wake ya yi tsadar da ta sa masu awara a ƙauyensu suka fara kife kasko. Mafi yawansu mata ne da mazansu suka rasu, cikinsu har da Kulu, maƙwabciyar Lahadi, wadda katanga ɗaya ta raba su. Su biyun suka tara sauran matan suka je gaban Maigari Dattijo, suka roƙi aron wata gona a ƙarshen kanal da aka daɗe da yin watsi da ita saboda ciyayin aya-aya da ƙiri-ƙiri sun mamaye ta. Maigari ya ba su, amma da sharaɗi: in kaka ta zo ba su fitar da komai ba, zai miƙa ta ga Alhaji Isiyaku, manomin shinkafar da ke iyaka da ita, wanda ya daɗe yana nema.

Suka share, suka yi kunya, suka shuka. Wake ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta buɗe. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta zama taɓon da fartanya ba ta shiga, lokacin noman farko ya zo ya wuce suna kallo. Da ya ɗan tsagaita suka je suka tarar ciyawa ta shanye gonar. Sai ka buɗa da hannu sannan ka ga waken a ƙasa, siriri, ya yi rawaya, yana miƙa wuya neman rana. Matan suka tsaya a bakin gona. Kulu da kanta ta ce a bar wa Allah, bana ba rabonsu. Suka watse, Lahadi kaɗai ta rage.

Washegari da hantsi Alhaji Isiyaku ya iso da mutum biyu goye da injin feshi, cike da maganin nan mai ƙone duk wani kore. Shi ma yana da hujjarsa. Ya ce gonar ta riga ta mutu, in aka bar ciyawar ta yi 'ya'ya cikin shinkafarsa za ta zube, ga ɓeraye da suka mai da wurin gida. Kyauta ma zai fesa musu. Sai dai kowa ya san in aka fesa, waken ya tafi, gonar ma ta tafi.

Mudassiru, ɗaya daga cikin masu feshin, shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Ya ce sai suka ga ciyawa ta motsa, Mama Lahadi ta miƙe daga ciki, taɓo har gwiwa. Ta tako ta tsaya a bakin kunyar farko, ta gai da Alhaji da ladabi, ta tambaye shi ko kaka ta yi ne ba ta sani ba. Alhaji ya ce ta dubi gonar da idonta ta daina wahalar da kanta.

"Alhaji, Maigari kaka ya ce, bai ce yau ba," in ji ta. "Waken nan yana numfashi. In fesawar za a yi, a fara ta kaina."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba. Mudassiru ya ce shekarar da mahaifinsa ya kwanta ciwo ita ta nome musu gona, don haka ya sauke injin daga bayansa ya ce shi kam ba zai iya ba. Abokin aikinsa ya bi sahu. Alhaji ya kaɗa kai, ya ce ba komai, ciyawa za ta yi masa aikin da magani bai yi ba. Ya hau babur ya tafi.

Ke ce kika shiga gonar nan da yatsu goma, Mama Lahadi, tunda ƙarfe ya gaza. Ke ce kika riƙa tono aya-aya har da 'yar ƙwayarta ta ƙarƙashin ƙasa, kina kwasar balasa a buhu zuwa bakin hanya, matsattsaku na shan ƙafarki, farce na ɓarewa. Kainuwa dashen Allah, ba wanda ya aike ki, ba wanda ya yi miki alkawarin komai.

Kwanaki kaɗan bayan haka Kulu ta kai wa Lahadi abinci, da niyyar roƙonta ta haƙura kafin ta kashe kanta. Lahadi ba ta yi musu da ita ba. Ta kama hannunta ta kai ta kunyoyin da ta fara sharewa. Waken da ya yi rawaya ya dawo kore shar, har ya fitar da sabon ganye.

"Kin gani, Kulu? Ba mutuwa ya yi ba, shaƙe shi aka yi."

Kulu ta ajiye kwanon, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta duƙa. Gari na wayewa sauran matan suka fito. Waɗanda ba sa iya fita suka aiko da kunu da ɗanwake. Mudassiru ya kawo abokansa suka yi musu gayya.

Ba duka aka ceto ba, kuma ba za a yi wa mai karatu ƙarya ba. Gefen kwari inda ruwa ya kwanta ya tafi, ciyawa ta ci rabonta. Amma sauran gonar ta tashi. Da aka yi maimai, wato noma na biyu, wake ya haɗe ganye ya rufe ƙasa, inuwarsa ta riƙa kashe duk abin da ya tsiro a ƙarƙashi. Wanda aka shaƙe jiya shi ke shaƙewa yau. Da kaka Maigari ya zo da kansa, ya tarar ana bugun wake a kan tamfol, ya damƙi tsaba ya murza, ya ce gona ta tabbata a hannun mata. Har yau tasu ce. Alhaji Isiyaku, don a yi masa adalci, shi ya fara aiko musu da barka. Lahadi kuwa daga wannan damina ciwon gwiwa ya kama ta, bai sake ta ba.

Kwanan baya matan suka yi mata ɗan taro a ƙofar gidan Kulu, liman da fasto duk suka sa albarka. Aka ba ta turmin atamfa da kujerar roba, aka ce ta zauna a gida ta huta. Atamfar ta karɓa da godiya. Kujerar kuwa ta sa 'yarta Bernice ta ɗora a Keke Napep aka kai bakin gona. Can take zama yanzu, sanda a hannu, tana nuna wa matan inda ƙiri-ƙiri ya fara leƙowa.

Mun gode, Mama Lahadi. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki kamar yadda kika riƙe su. Mu kuma da muka rage, masu gona da masu ofis da masu riƙe da gida, kowa yana da abin da ya shuka wanda ciyawa ke neman shaƙewa, kuma ba a rasa mai zuwa ya ce ya riga ya mutu. Kafin ka yarda, duƙa ka buɗa ka duba. In akwai sauran kore, tsaya a bakin kunyarka, kada ka matsa wa kowa.