Hoton da na ɗauka a zauren caca

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, inda maigidana ke aiki a wani kamfanin jigilar masu ziyara. A shekarun da nake magana a kai, ni ce mai kawo labari a cikin matan Hausawan unguwarmu. Ko a walima ko a guruf ɗinmu na waya, idan na yi shiru sai an tambayi ko lafiya. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ban taɓa ɗaukarsa aibi ba.

Wata shekara da aka ba yara hutu, maigida ya ce zai kai mu wata ƙasa a gabashin Asiya. Ta waya ya kama mana ɗaki a wani ƙaton otal da ke kan dutse, saboda ya ga hotunan wurin wasan yara. Sai da muka isa muka tarar rabin ginin gidan caca ne. Hatta hanyar zuwa wurin cin abinci ta gaban ƙofarsa take bi. Ransa ya ɓaci, ya so mu tashi, amma yara sun riga sun ga lilo da jirgin wasa, ni kuma na lallashe shi da cewa ai ba caca ta kawo mu ba. Muka yi shawara ba za mu gaya wa kowa a Madina irin wurin da muka sauka ba.

Wata rana bayan la'asar maigida ya tafi da yaran wurin wasa, na ce kaina na ciwo. Ƙarya nake yi. Tun zuwanmu fitilun zauren nan da ƙarar injinansa suke jan hankalina, ina son in ga abin da ke ciki. Na sauko, mai gadi ya duba fasfona, na shige da abayata. Ban buga komai ba, amma ƙafata ta ƙi fita. Ina cikin kallo sai na hango Malam, maƙwabcinmu, wanda ke karatu mai zurfi a jami'ar Musulunci, kuma shi ke koya wa yaran unguwa Alƙur'ani, har da babban ɗana. Yana tsaye a bakin wani teburin kati, ya dafa kafaɗar wani saurayi da ya juya mini baya. Ban yi tunanin komai ba. Na raɓe bayan wani inji, na ɗauke shi hoto a ɓoye, na fice da sauri, ba don tsoron Allah ba, don zumuɗin abin da na samu.

Da muka dawo na daure na ɗan lokaci, ko maigida ban nuna wa ba. Sai a wata walimar suna na nuna wa aminiyata, na ce wata 'yar'uwata ce ta turo mini. Ta roƙe ni in tura mata, na tura. Kafin mako ya zagayo hoton ya gama gidajen Hausawan Madina, har ya kai garinsu Malam a Najeriya. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, ni ma na janye nawa don kada a zarge ni. Maigida ya gaya mini cikin jimami cewa a Masallacin Ƙuba akwai masu kau da kai idan sun hango Malam. Malam kuwa bai ce uffan ba, shirun nan aka ɗauka shaida ce.

Matar Malam, Yaya nake ce mata, domin ita ta tsaya a kaina lokacin haihuwata ta biyu, ba ni da kowa a ƙasar nan. Wata safiya ta shigo gidana. Na kawo gahawa da dabino, ba ta taɓa ba. Ta ce 'yata ta ba 'yarta labarin otal ɗin kan dutse, ita kuma ta bi sawun hoton daga mace zuwa mace har ya tsaya a kaina. Sannan ta gaya mini saurayin nan ɗan yayan Malam ne da ya rasu, an tura shi karatu can, caca ta kama shi ya daina zuwa aji. Uwarsa ce ta yi ta kuka a waya, Malam ya tafi ya bi shi har cikin zauren ya fito da shi, ya kuma yi wa uwar alkawarin ba wanda zai ji.

Na fara rantsuwar cewa turo mini aka yi. Ta ɗaga wayarta ta nuna mini hoton, ta ce, "Ƙanwata, dubi gefen injin nan da ya fito a kusurwa. Wanda ya ɗauki wannan a ciki yake tsaye. Na gane kin shiga wurin tun ranar da na san ke ce kika ɗauka, kuma ban faɗa wa kowa ba, ko Malam."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na kama ƙafarta ba. Ta janye a hankali, ta gyara mayafinta ta fita.

Ranar na gaya wa maigida komai. Bai ɗaga murya ba, ya dai daɗe bai iya haɗa ido da ni ba. Shi ya raka ni wurin Malam. Na ce zan shiga guruf in bayyana gaskiya duka. Daga bayan labule Malam ya amsa cewa ya yafe mini, in faɗi cewa na zalunce shi in na ga dama, amma bai yarda in ambaci yaron ba, domin ya koma karatu kuma yana neman aure. Na rubuta cewa ni na ɗauki hoton, a ciki nake, kuma abin da aka fahimta ba haka yake ba. Tunda ban kawo dalili ba, da yawa suka ce roƙona aka yi in rufa masa asiri. Wasu yaran sun koma wurinsa, wasu har yau ba su koma ba. Daga baya Malam da iyalinsa suka tashi zuwa unguwar Sih. Idan na haɗu da Yaya a Harami tana amsa sallamata, ba ta ƙara komai a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na shiga wurin don sha'awa, shi ya shiga don ceton maraya, amma ni aka rufa wa asiri, shi aka tona. 'Yan'uwana mata, idan kin ga mutum a inda bai dace ba, ki fara tambayar kanki me ya kai ki wurin, sannan ki tuna ba ki san abin da ya kai shi ba. Kafin ki danna tura, ki sani ba za ki iya bin kowace waya ki goge ba. Ni na samu yafiyar Malam, amma mutuncin da na zubar masa na kasa mayar masa da shi.